Jami'a Ta Koma Cikin Waya, Ina Ɗan Zongo Zai Zauna Ya Yi Karatu?

Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza. Duk wanda yake da ɗa ko ƙane a jami'a a ƙasar nan ta Ghana ya san cewa kiɗan karatu ya canza a 'yan shekarun nan. A yau ɗalibi ta intanet yake yin rajista, ta can yake ganin jadawalin darussa, a can malami yake ɗora takardun lacca, a can ake miƙa aikin gida, wani lokacin ma a can ake yin ƙananan jarrabawa a kuma ga sakamako. Hukumomin jami'o'i suna kiran wannan ci gaba, mu ma ba mu musa ba. Sai dai akwai wata tambaya da ba kasafai ake jin ta a manyan taruka ba, alhali iyaye a Sabon Zongo da Nima da Maamobi suna yin ta kullum a cikin gidajensu, wato idan an ɗauke aji daga harabar jami'a an sa shi cikin waya, wane ne zai biya kuɗin wannan sabon ajin?

Mai karatu, ga abin da muke nufi. Ajin da muka sani tun fil azal, jami'a ce take gina shi, ta zuba kujeru, ta ja wuta, ta kafa allo, ta kuma hana hayaniya a kewayensa. Ɗan minista da ɗan mai sayar da koko idan suka shiga, kujera iri ɗaya za su zauna a kai, murya ɗaya za su saurara. Amma duk ranar da aka ce darasin yau ta intanet za a yi shi, waɗannan abubuwa gaba ɗaya sun koma wuyan gidan da ɗalibin ya fito. Allon ya zama kwamfutar da ubansa zai saya, kujerar ta zama gefen gadon uwarsa, wutar ta zama mitar gidan haya, kuɗin mota kuma ya zama kuɗin data. Ra'ayinmu shi ne waɗannan abubuwa huɗu, wato na'ura da data da wuta da wurin zama, sun zama wani ɓangare na kuɗin karatu, kuma ya kamata a lissafa su a fili, a raba nauyinsu tsakanin jami'a da gwamnati da mu kanmu al'ummar Zongo, a daina barin su a kan talaka shi kaɗai.

Ghana dai ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun a shekarar 1995 ƙasar nan ta samu cikakken haɗin intanet ta hannun Dokta Nii Quaynor da abokan aikinsa, tana cikin na farko-farko a Afirka ta Yamma. Waɗanda suka yi wayo a farkon shekarun 2000 za su tuna da BusyInternet da aka buɗe a 2001 kusa da Circle, inda matasanmu suke biyan kuɗin awa guda don su aika wasiƙa ga 'yan uwa a Jamus ko Amurka. A 2003 aka buɗe cibiyar koyar da ilimin kwamfuta mai ɗauke da sunan Kofi Annan da taimakon ƙasar Indiya. Jami'ar Ghana da ke Legon kuwa ta riga ta mallaki dandalin koyarwa da ake kira Sakai shekaru kafin annobar korona. To amma a wancan lokacin duk wannan ƙari ne a kan aji. Wanda bai shiga dandalin ba zai iya aron littafin abokinsa ya kwafa, ya kuma ci jarrabawarsa lafiya lau.

Shekarar 2020 ce ta juya al'amarin. A ranar 12 ga Maris aka tabbatar da ɓullar cutar a Ghana, daga ranar 16 ga wata kuma Shugaba Akufo-Addo ya ba da umarnin rufe makarantu da jami'o'i baki ɗaya. Daga 30 ga Maris aka kulle Accra da Kumasi har na tsawon makonni uku. Jami'o'i ba su da wata mafita illa su kwashe darussa su kai Sakai da Zoom da WhatsApp. 'Yan ajin ƙarshe ne kawai aka bari suka koma a tsakiyar Yuni don su kammala, da yawa daga cikin sauran kuwa sai a Janairun 2021. A daidai wannan lokacin ne kuma rukunin farko na yaran da suka amfana da sakandare kyauta, wadda aka fara a Satumbar 2017, suka yi dafifi a ƙofar jami'o'i. Ɗakunan lacca ba su isa ba, ɗakunan kwana ba su isa ba, saboda haka ko da annoba ta lafa, intanet ya zauna daram a cikin tsarin koyarwa. Abin da aka ɗauko a matsayin maganin gaggawa ya zama abincin yau da gobe.

Yanzu bari mu shiga gidan da aka kai wannan ajin. Tun zamanin da Malam Bako ya kafa Sabon Zongo, fiye da shekara ɗari da suka wuce, tsarin zamanmu na babban gida ne mai ɗakuna a jere, mai gida da 'yan haya suna tarayya a tsakar gida ɗaya. Wannan zama yana da albarka, domin shi ya sa baƙo ba ya kwana a titi a Zongo, maraya kuma ba ya rasa mai ba shi tuwo. Amma ba a tsara shi don sauraron lacca ba. Ɗaki ɗaya ne na uwa da 'ya'ya, ga talabijin, ga ƙanne suna wasa, ga maƙwabciya tana daka, ga mai walda a bakin titi, idan kuwa ranar Asabar ce ko Lahadi, ga lasifikar biki ko suna tun hantsi har dare. Mita ɗaya ce gidan duka yake karo-karo a kanta, idan katin ya ƙare a tsakiyar darasi sai an bi ɗaki-ɗaki an tara kuɗi kafin wuta ta dawo. A cikin wannan hali ake so yaro ya natsu ya fahimci lissafi ko dokar kasuwanci, ya kuma yi gogayya da wanda yake zaune a ɗakinsa shi kaɗai a East Legon, da janareta a bayan gida.

Wani zai ce ai yanzu kowane matashi yana da babbar waya, har da masu tura baro. Gaskiya ne, kuma wayar tana da amfani wajen karanta saƙon malami ko sauraron bayani. Amma duk wanda ya taɓa gwada rubuta shafi goma da babban yatsa a kan gilashin waya, ko ya yi ƙoƙarin duba jadawalin lissafin kuɗi a fuskar da ba ta kai tafin hannu ba, ya san cewa waya ba ta maye gurbin kwamfuta. Akwai darussa irin su ƙididdiga da zanen gini da rubuta manhaja waɗanda ba sa yiwuwa a kanta ko kaɗan. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, ko ta hannu ce daga Tip Toe Lane, kuɗinta dubban sidi ne, kuma da dala ake shigo da ita. A Disambar 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin ɗari. Uban da ya sha wannan wuta, ya biya haya, ya ciyar da gida, ya biya kuɗin makaranta, idan aka ce ya ƙara da kwamfuta, sai ya ce wa yaron ya yi haƙuri ya riƙa aron ta abokinsa.

Bayan na'ura kuma sai wuta da layin sadarwa, waɗanda ba sa hannun ɗalibi ko kaɗan. Babu wanda ya manta da dumsor, musamman a 2015, lokacin da unguwa takan kwana ta wuni babu wuta, kuma a 2024 ma mun sake ɗanɗana irinta. A ranar 14 ga Maris na 2024 ɗin ne manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace, sadarwa ta durƙushe a Ghana da maƙwabtanta, aka ɗauki makonni kafin a gama gyara. Na'urar da take karɓar aikin gida ba ta san wannan ba. An saita ta ta rufe ƙofa ƙarfe sha biyun dare, kuma za ta rufe. A shirye-shiryenmu na rediyo iyaye da ɗalibai sun sha bugo waya da irin wannan kuka, yaro ya gama aikinsa tsaf amma layi ya ƙi ɗauka har lokaci ya wuce, ko kuma ƙaramar jarrabawa ta yanke masa a tsakiya aka rubuta masa sifiri. A takarda za a ga kamar malalaci ne, alhali kuwa talauci aka ba maki.

Akwai kuma wata asara da ba a cika lura da ita ba. A cikin aji, malami mai kula yana iya ganin fuskar da ta rikice, ya maimaita bayani, ko ya lura da kujerar da ta yi mako biyu babu kowa ya tambayi dalili. A intanet sunaye ne kawai a jere a kan gilashi, mafi yawa sun kashe kyamara don tsimin data. Wanda ya ɓace babu mai cigiyarsa. Abin ya fi tsanani ga 'ya'yanmu mata, domin muddin yarinya tana cikin gida, a idon mutanen gida tana da hannun aiki. Za a aike ta kasuwa, a miƙa mata goyo, a ce ta duba tukunya, tunda ai ga ta nan zaune tana danna waya. Ranar da take shiga trotro ta tafi Legon ko Madina kowa ya san karatu ta tafi, amma ranar da ajin ya biyo ta gida sai a manta cewa a aji take.

Abin da ya sa muke ɗaga murya a kan wannan batu shi ne mun taɓa makara sau ɗaya, kuma har yau muna biyan bashin. Kakanninmu sun yi ɗari-ɗari da makarantun boko saboda yawancinsu na mishan ne, suna tsoron abin da zai sami tarbiyyar 'ya'yansu. Sai da aka kafa sashen ilimin Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa a 1987, aka haɗa Arabiyya da boko a makaranta ɗaya, sannan hankalin iyaye da dama ya kwanta. Mu da karatunmu ya tsaya a sakandare mun san yadda takardar digiri take raba mutum da ɗan uwansa a wurin neman aiki. Yanzu da Allah Ya kawo mu lokacin da ɗan mai gadi da 'yar mai waakye suke samun gurbi a jami'a, zai zama babban abin takaici a ce sun shiga ta ƙofa sun faɗo ta taga saboda rashin kwamfuta da wurin zama. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, amma bai kamata mu sake komawa barci na biyu ba.

Kada wani ya ɗauka muna kira a koma zamanin alli da baƙin allo. Ko kusa. Mun ga Malam Richard Appiah Akoto na Sekyedumase a jihar Ashanti, wanda a 2018 hotonsa ya zagaya duniya yana zana fuskar Microsoft Word da alli don ɗalibansa ba su da kwamfuta. An yaba masa, kuma ya cancanci yabo, amma babu uban da yake fatan ɗansa ya koyi kwamfuta a jikin allo. Haƙiƙa ma idan an tsara abin da kyau, ɗan Zongo ne zai fi kowa cin moriyarsa. Laccar da aka naɗa, yaron da Turancinsa bai nuna ba zai iya maimaita ta sau uku har ya gane. Littafin da ɗakin karatu yake da kwafi biyu kacal, yanzu mutum ɗari za su iya buɗe shi a lokaci guda. Karatu daga nesa, wanda Legon ta fara a 2007, ya ba magidanta da matan aure da masu shago a Abossey Okai damar yin digiri ba tare da sun rufe sana'a ba. Fasahar doki ce mai gudu, abin da muke nema shi ne a sa wa kowa likkafar hawa.

Ya kamata kuma mu yaba wa waɗanda suka fara ganin matsalar. A lokacin annoba kamfanonin waya sun cire kuɗin shiga wasu shafukan karatu, gwamnati kuma ta rage harajin sadarwa daga kashi 9 zuwa kashi 5 cikin ɗari a Satumbar 2020. Farfesa Nana Aba Appiah Amfo, wadda a 2021 ta zama mace ta farko da ta shugabanci Jami'ar Ghana, ta ɓullo da shirin kwamfuta ɗaya ga kowane ɗalibi, inda ake neman gudummawa a tallafa wa marasa ƙarfi, tare da samar da wuraren zama masu intanet a cikin harabar jami'a. A 2024 gwamnati ta fara rabon ƙananan kwamfutocin hannu ga 'yan sakandare, a 2025 kuma gwamnatin Shugaba Mahama ta fara ɗauke wa ɗaliban shekarar farko kuɗin makaranta a manyan makarantun gwamnati. Duk waɗannan alheri ne. Sai dai gudummawa tana da iyaka, rangwamen data yakan tsaya ne a shafin jami'a, da zarar malami ya tura ɗalibi wani dandalin bidiyo na waje kuɗi ya ci gaba da tafiya, wurin zaman da ke cikin haraba kuma ba ya amfanar wanda yake kwana a Sukura ko Fadama. Ɗauke kuɗin makaranta ya kai yaro bakin aji, amma bai ba shi abin da zai yi karatun da shi ba.

Saboda haka kiranmu na farko ga hukumomin jami'o'i ne. Su riƙa tambayar kowane sabon ɗalibi tun ranar rajista ko yana da kwamfuta, da inda yake kwana, domin wanda bai san yawan marasa lafiya ba ba zai san yawan maganin da zai tanada ba. A buɗe tsarin aron kwamfuta na zangon karatu guda kamar yadda ake aron littafi. A bar ɗakunan kwamfuta a buɗe har dare da ƙarshen mako. Duk jarrabawar da take da maki mai nauyi a yi ta a cikin haraba, a kan na'urorin jami'a, inda kowa yake daidai da kowa. A kuma kafa ƙa'ida a rubuce cewa wanda wuta ko layi ya yanke wa yana da damar sakewa, kada abin ya dogara ga tausayin malami ko sanin wani babba.

Ga malamai masu daraja kuwa, muna da shawara daga sana'armu ta rediyo. Bidiyon awa guda yana cin ɗaruruwan megabait, amma murya zalla ta awa guda ba ta wuce 'yan gomomi ba. Mafi yawan laccoci bayani ne na baki, ba sa buƙatar a ga fuskar mai magana. Idan malami ya naɗi muryarsa, ya haɗa da takardar darasi mara nauyi, ya ɗora yadda za a iya saukewa a saurara daga baya, ya rage wa ɗalibi kuɗi mai yawa, ya kuma ba shi damar saurara da asuba lokacin da gida ya yi tsit, ko a cikin trotro a cunkoson Kaneshie. Legon tana da gidan rediyonta, Radio Univers, a 2020 ma an koyar da yaran firamare ta rediyo da talabijin. Mu ma ƙananan gidajen rediyo na unguwa ƙofarmu a buɗe take ga duk malamin da yake son ya yi bitar darasi.

Ga gwamnati, muna roƙon a sa kuɗin kwamfuta a cikin rancen ɗalibai a matsayin kaso na musamman, a biya a hankali bayan an gama karatu. A zauna da kamfanonin waya a mayar da rangwamen shafukan jami'o'i abu na dindindin. Asusun raya Zongo da doka ta kafa a 2017 ya gina filayen ƙwallo masu ciyawar roba a wasu unguwanni, matasa kuma sun ji daɗi. To, kamar yadda aka ga dacewar fili don ƙafa, a ga dacewar ɗaki don ƙwaƙwalwa: zaure guda a kowace babbar unguwar Zongo, mai wutar sola da intanet da tebura, da mai kula da ake biya albashi, domin na'urar da aka raba aka tafi ba tare da mai gyara ba ba ta daɗewa.

Na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci, mu kanmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna da makarantun Islamiyya da azuzuwansu suke zama a rufe da dare, muna da benaye a saman masallatai da ba a amfani da su sai jefi-jefi. Ba sabon abu ba ne, domin a Nima shirin Tech Needs Girls na Regina Honu ya koya wa 'yan mata rubuta manhajar kwamfuta, ɗakin karatun da Kathy Knowles da ƙungiyarta suka kafa a unguwar kuma ya daɗe yana tara yara. Sarakunan Zongo da limamai da ƙungiyoyin matasa za su iya ware ɗaki ɗaya, 'yan uwanmu da ke Hamburg da Bronx su aiko da kwamfutocin da suka daina amfani da su, attajiranmu su ɗauki nauyin data na wata-wata kamar yadda asusun ilimi na Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, yake tallafa wa ɗalibai. Kuɗin anko da hayar kujeru na biki ɗaya sun isa su sayi kwamfuta. Iyaye mata su sani cewa yarinyar da ta toshe kunne tana kallon waya ƙarfe goma na safe mai yiwuwa a gaban farfesa take, a ɗaga mata aike na awa biyu. Masu lasifika su rage sauti a lokacin jarrabawa. Su kuma ɗalibai, datar da uwa ta sayar da koko ta saya musu amana ce, kada ta ƙare a kallon wasan barkwanci da ƙwallon Ingila.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jami'a ta riga ta shigo unguwarmu ta cikin waya, ba kuma za ta fita ba. Abin da ya rage shi ne mu yi mata shimfiɗa kafin wani rukunin 'ya'yan namu ya dawo gida da takardar kora a maimakon takardar digiri. Allah Ya ba shugabanninmu ikon ji, Ya ba yaranmu nasara.